Kulocin tsohuwar Hilux ya ƙi yin ƙarfi bayan an cire iska sau huɗu

Wani bawan Allah mai tsohuwar Hilux ƙirar 1994, mai injin dizal 3L, wadda yake dakon hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye, ya aiko da wannan tambaya: "Oga, kulocin ƙasa ya fara yoyo, na sayo sabo na ɗaura. Ni da yarona mun cire iska har sau huɗu, mun ƙarar da man birki gwangwani biyu, amma fedal yana nan laƙwas, sai ya kusa taɓa ƙasa yake ɗan kamawa. Ribas ba ya shiga sai da ƙara. In na yi famfo sau biyar ko shida giya ta shiga, in na bari minti ɗaya sai a koma gidan jiya. Me na yi ba daidai ba?"

Malam, sannu da fama. Kada ka sayi gwangwani na uku tukuna. Duk man da ke cikin hanyar kulocin nan, daga kofin sama har kulocin ƙasa, wato ɗan silindan da ke jikin giyabos mai tura sandar da ke sakin kuloci, bai wuce cikin kofin shayi ɗaya ba. In gwangwani biyu sun bi ta ciki fedal bai yi ƙarfi ba, to ba ƙarancin mai ba ne, kuma maimaita abin da kuka yi sau huɗu ba zai ba da wani sakamako dabam a karo na biyar ba. Ko dai iskar ta laɓe a wurin da famfonku ba ya kai wa gare ta, ko kuna fitar da ita tana sake shiga ta wata kafa, ko kuma tun farko ba iska ba ce. Aikinmu shi ne mu gano wanne ne kafin a sake taɓa sifana.

Maganar da ka yi cewa famfo yana sa giya ta shiga, ita ce ta fi komai amfani a cikin tambayarka. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan ka taka sau ɗaya, tafiyar fedal ta ƙare wajen danne kumfar iska, sandar ƙasa ba ta samu abin da ya isa ba. Idan ka taka da sauri sau da yawa, masta, wato silindan sama da fedal ke turawa, yana jawo ƙarin mai daga kofi kafin na baya ya gama komawa, sai kumfar ta danne, giya ta shiga. Da ka saki, rarar man ta koma kofi, kumfar ta sake buɗewa. Wannan alama ta fi nuna iska. Amma robar masta da ta gaji tana iya ba da alama mai kama da ita, shi ya sa zan dawo kanta.

Ga zatona game da abin da ya faru. Lokacin da ka kwance bututu daga tsohon kulocin ƙasa, mai ya yi ta ɗiga har kofin ya ƙafe, iska ta shiga cikin masta kansa. Kai kuma hankalinka yana ƙasa, wurin sabon kayan da ka ɗaura, alhali iskar tana can sama.

Yawancin mutane suna cire iskar kuloci kamar yadda suke yi wa birki: yaro ya yi ta famfo da sauri, ya danne, oga ya buɗe nifil, wato ɗan notin nan mai rami da ake fitar da iska ta cikinsa, sannan ya rufe. A birki wannan yana aiki domin takalman birki suna cin karo da ƙarfe su tsaya, ƙarfin matsi ya taru sosai, da an buɗe nifil mai ya fito da gudu ya kwashe kumfa. Kuloci ba shi da bangon da zai tokara. Sifirin kawai yake turawa, man da masta ke aikawa a taku ɗaya kaɗan ne, bututun kuma gangarowa yake daga sama zuwa ƙasa. Taku ɗaya ya tura kumfa ƙasa tsawon taƙi, kafin a sake takawa ta hau ta koma inda take, domin ita iska a cikin mai sama take nema. Famfon sauri kuma yana farfasa babbar kumfa ta zama ƙanana birjik kamar kumfar sabulu, waɗanda ba sa fita sai sun kwanta sun sake haɗewa. Ga kofin kuma ƙarami, taku kaɗan ya kai gindi. Duk lokacin da yaronka ya shagala ya bar shi ya ƙafe, kun sha sabuwar iska, aikin ya koma farko.

Saboda haka ka bar motar ta huta kamar awa ɗaya, sannan ka fara da abin da ba ya cin ko sisi. Shiga ƙarƙashin sitiyari da tocila, ka kama fedal da hannu, ba da ƙafa ba. Daga fedal akwai 'yar sandar ƙarfe da ta ratsa bango ta shiga masta. Idan ka ɗan motsa fedal, dole ka ji wasa kaɗan kafin sandar ta taɓa fistin da ke cikin masta. A Hilux na wannan zamani Toyota ta ba da milimita 1 zuwa 5 na wannan wasa idan an auna a kan fedal, sannan dukkan wasan fedal kafin ka ji nauyin kuloci milimita 5 zuwa 15. Dalilin wannan wasa babba ne. Sai fistin ya koma baya gaba ɗaya sannan ƙofar da ta haɗa cikin masta da kofin mai take buɗewa. In wani ya taɓa tsawaita sandar nan don fedal ya hau, ƙofar tana nan rufe ko rabi-rabi, mai ba ya sauka yadda ya kamata, iska kuma ba ta samun hanyar fita sama. A irin wannan hali ko kwana za ku yi kuna famfo ba za ta fita ba. Tun kana wurin, duba ƙusar da ta riƙe sandar da fedal. A motar da ta shekara talatin tana aiki, ramin ƙusar kan cinye ya zama kamar ƙwai, wani kaso na takunka ya tafi a banza. Taɓa robar da ke bakin masta ta ciki. In da danshin mai, ko fentin wurin ya ɗaye, masta ya gama aiki.

Sai ka sauka ƙasa ka kalli kayan da ka ɗaura. Nifil dole ya kasance a saman jikin silindan, sama da inda bututu ya shiga ko daidai da shi. Na sha ganin an sayo wanda ramukan notinsa sun dace amma na wata ƙira ce, nifil ɗinsa ya koma gefe ko ƙasa. Mai zai fito tas ta nifil, ba kumfa ko ɗaya, iskar kuma tana zaune a rufin silindan. Ka kwatanta faɗin fistin ɗinsa da na tsohon, in ba ka yar da shi ba. Wanda ya fi faɗi yana buƙatar mai fiye da abin da masta ke iya aikawa, sandarsa ba za ta yi nisa ba ko babu iska ko kaɗan. Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka je ko a Panteka ta Kaduna, ka riƙa tafiya da tsohon a hannu.

In waɗannan sun yi daidai, ga yadda nake fitar da iskar da ta maƙale a sama, kuma ita nake so ka fara gwadawa. Ka kwance notuna biyu da suka riƙe kulocin ƙasa da jikin giyabos, amma kada ka taɓa bututun. Ka zuƙe rabin man kofi don kada ya yi ambaliya, ka bar murfin a buɗe. Ka riƙe silindan ta yadda bakin da bututu ya shiga shi ne mafi tsayi, sannan ka tura sandar da hannu a hankali har fistin ya kai ƙarshe. Ka sake ta sannu, sifirin na ciki ya dawo da ita. Yaronka ya tsaya a kan kofi yana kallo. Za ku ga kumfa tana tasowa. Abin da ka yi shi ne ka tura mai sama, hanyar da iskar take son bi da ma. Ka maimaita sau goma ko goma sha biyar, kana ɗan ƙwanƙwasa bututun ƙarfe da jikin masta da gindin sukudireba, har kumfa ta daina. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: muddin silindan yana hannunka, kada kowa ya taka fedal. Fistin zai yi tsalle ya fito, mai ya watsu a fuska, kuma man birki a ido ba ƙaramin abu ba ne. Ka cire makullin, ka rufe ƙofar direba.

Idan wannan bai gama ba, sai sirinji. Ka samo babba mai cin mililita 50 ko 60, sabo fil, da ɗan siririn tiyo mai haske wanda zai kama bakin nifil tam. Ka cika sirinjin da sabon mai, ka fitar da iskar cikinsa da ta tiyon har mai ya leƙo baki, ka haɗa, ka buɗe nifil kamar rabin juyi da sifana 10, wasu 8 ne, ka tura a hankali. Mai zai hau ya fito a kofi da kumfarsa. Ka rufe nifil tun kana kan turawa, kada ka bari sai sirinjin ya ƙare. Wannan dabara tana da wani amfani na biyu: in sirinjin ya ƙi turuwa sam, nifil kuma ba a toshe yake ba, to ƙofar masta a rufe take, ka koma kan sandar fedal. Tsofaffin makanikan da suka yi zamani da Fijo 504 haɗin Kaduna sun san wannan hanya tun kafin sirinji ya yawaita a gareji. Sukan haɗa tiyo daga nifil na birkin ƙafar gaba zuwa na kuloci, su taka birki a hankali ya tura mai sama. Tana aiki, amma ba na son ta ga wanda bai saba ba, domin tana kai tsohon man birki cikin kuloci, kuma in kofin birki ya ƙafe ka sa iska a inda rai ya rataya.

Bayan haka sai ka rufe da taku biyu ko uku na gargajiya, amma a tsanake. Tiyo a bakin nifil, ɗaya bakin a nutse cikin kwalba mai ɗan mai. Ka buɗe, yaro ya taka sannu har ƙasa ya riƙe, ka rufe, sannan ya ɗago fedal da hannu a hankali, ku ƙirga biyar, ya duba kofi. Kada ya ɗaga ƙafa kafin ka ce ka rufe. In ka ga ƙananan kumfa a jere ba sa ƙarewa, wani lokaci ta zaren jikin nifil suke shiga saboda an buɗe shi da yawa, ba daga cikin mota suke ba. Rage buɗewar ka gani.

To, a ce ka yi duk wannan fedal bai canza ba. Nan ne ake raba hanya gida biyu don a san wanda ke da laifi. Ka kwance bututu daga bakin masta, ka toshe ramin da nifil ko noti mai zare iri ɗaya, bayan ka bar mai ya ɗan ɗigo ya cika bakin. Ka danna fedal da hannu. Masta mai lafiya wanda ba iska a cikinsa zai tsaya cak kamar dutse bayan ɗan motsi kaɗan. In ya yi taushi kamar soso amma ya tsaya, iska ce a cikinsa, sai a ciro shi a cire masa ita a kan benci, ana karkata shi ta yadda kumfa za ta taru a bakin fita ko a ƙofar kofi. In kuwa ka riƙe da matsakaicin ƙarfi ya yi ta nutsewa sannu sannu har ƙasa, robar fistin ce ke barin mai ya zagaye ta ya koma kofi. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, shi ya sa mutane ke rantsuwa cewa mastansu lafiya lau. Akwai gwajin wannan ba tare da kwance komai ba: a fili mai faɗi, ka yi famfo ka sa giya ta ɗaya, ka riƙe kuloci a ƙasa inji na aiki, ɗaya ƙafar tana kusa da birki. In bayan daƙiƙa 20 ko 30 motar ta fara jan jiki da kanta, mai yana guduwa ta cikin masta. Tsohuwar roba kuma tana iya shan iska ta baya lokacin da fedal ke dawowa, ba tare da ta zubar da mai ba. Irin wannan mota za ka cire mata iska yau ta yi kyau, jibi ta dawo.

Ra'ayina a nan ba ya canzawa: masta da kulocin ƙasa tare suka tsufa, mai ɗaya suka sha. In na ƙasa ya mutu don tsufa, na sama yana kan hanya. In man da kuka fara fitarwa baƙi ne kamar ruwan kwata, wannan baƙin robar ce da ta narke a ciki. Kit ɗin roba yana da araha kuma yana aiki in cikin silindan sumul yake. Ka sa yatsa da haske ka duba. In akwai ramukan tsatsa ko zane, sabuwar roba ba za ta yi wata biyu ba, gara ka canza shi dungurungum.

Kada ka manta da tiyon roba da ke tsakanin bututun ƙarfe da kulocin ƙasa, wanda aka sa domin inji yana girgiza. An taɓa kawo min wata a-kori-kura da aka canza mata masta sau biyu da na ƙasa sau ɗaya, mai ita ya kashe kuɗin da yake ji a jikinsa. Na riƙe tiyon a tafin hannu na ce a taka, sai na ji yana kumbura yana sacewa kamar maƙogwaron kwaɗo. Zaren cikinsa ya ruɓe, man da ya kamata ya tura sanda yana ƙarewa wajen hura roba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin gwajin bai ɗauki minti ɗaya ba, kuma da an yi shi tun farko da kuɗin mutumin nan suna aljihunsa. Wani tiyon kuma ta ciki yake ɓarewa ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya, fedal ya riƙa dawowa da nawa.

Akwai awo ɗaya da ke yanke gardama. Ka sa ruwula kusa da sandar kulocin ƙasa, a taka sau ɗaya tak har ƙasa, ka ga nisan da ta tura fok, wato ƙarfen nan da ya shiga cikin giyabos yake danna boris. A irin waɗannan motoci ina neman abin da ya kai faɗin ɗan yatsa, wajen milimita 12 zuwa 15, kuma ta tsaya a wurin muddin ƙafa na kan fedal. In ta yi rabin haka, matsalar tana ɓangaren mai. In ta yi cikakkiyar tafiya amma ribas yana ƙara, ka ajiye gwangwanin mai, domin laifin yana cikin giyabos: fok ya tsage yana lanƙwasa, ko ƙwallon da yake juyawa a kai ya cinye, ko farantin kuloci ya kama tsatsa a kan shaf ba ya zamewa, ko ɗan boris ɗin da ke gindin inji ya ƙame, ko yatsun murfin kuloci sun gaji. A taka a hankali kana kallon fok ɗin ta ramin robarsa da tocila. Tsagewa tana buɗe baki idan nauyi ya hau. A motarka ban fi zaton wannan ba, tunda ka ce famfo yana gyara ta na ɗan lokaci, kuma famfo ba ya ɗinke ƙarfen da ya tsage. Ribas kuwa shi ke fara kuka domin a yawancin tsofaffin giyabos ba shi da zoben da ke daidaita gudu kamar sauran giyoyi.

Ka gode Allah ma naka a waje yake, notuna biyu ne. Ford Ranger ƙirar Amurka ta shekarun 1990 kulocin ƙasanta yana cikin giyabos ne, sai an sauke shi kafin a canza, mastanta kuma a karkace yake zaune, iska na taruwa a kusurwar da ba ta da mafita, sai an ciro shi an juya.

Abin da nake roƙonka kada ka yarda da shi shi ne a ƙara wa sandar ƙasa tsawo da walda ko a cusa noti a bakinta, ko a ɗaure sandar fedal har wasa ya ƙare. Giya za ta shiga a ranar, kowa ya yi murna. Amma in ƙofar masta ta rufe, da inji ya yi zafi mai zai kumbura ya rasa hanyar komawa kofi, ya riƙa danna kuloci da kansa. Boris zai yi ta juyawa ba hutu, farantin ya riƙa sulɓi. Motar da ke ɗauke da buhunan masara a kan hawa, a haka ake ƙone faranti a tafiya ɗaya, aikin da ya kamata ya tsaya a kan roba ya koma sauke giyabos.

Game da man kansa, DOT 3 Toyota ta rubuta wa wannan mota, DOT 4 ma yana yi kuma suna haɗuwa. DOT 5 dabam ne, na silikon ne, kada a gauraya. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 na ma'aunin Celsius aƙalla, amma yana shan danshin iska, kuma in ya sha ruwa mizaninsa yana sauka zuwa 140. Ruwan nan ne ke cin cikin silinda da tsatsa. Don haka ka sayi mai hatimi a baki, ka guji wanda ake aunawa daga buɗaɗɗiyar gora, musamman da damina, kuma wanda ya fito ta nifil kada ya koma kofi. Kada fetur, kananzir, baƙin mai ko man giya su kusanci robobin nan, ko wajen wanki. Ɗigo kaɗan ya isa ya kumbura su. In ka buɗe kofi ka ga robar murfin ta yi girma ta yi laushi ba ta komawa mazauninta, an taɓa zuba abin da bai dace ba, kuma duk robar da ke hanyar sai an canza, har da tiyo da sabon da ka ɗaura. Da sabon man birki ake wanke su. In ya zuba a fenti, ka kwarara ruwa nan take.

Idan aiki ya yi, ga yadda za ka tabbatar. Da safe, kafin kowa ya taɓa fedal, ka tayar da inji, ka taka sau ɗaya, ka ƙirga uku, ka sa ribas. Ya shiga shiru. Idan kana sakin ƙafa, kuloci ya fara kamawa bayan fedal ya tashi daga ƙasa da aƙalla milimita 25. Sannan ka yi tafiyar rabin awa ba kaya, inji ya yi zafi sosai, ka tsaya ka sake taɓa fedal da hannu ka ji ko wasan nan na sama yana nan. Ka yi wa kofin alama da biro a daidai inda mai ya tsaya, ka ɗaga robar ƙurar kulocin ƙasa bayan kwana uku ka ga ko cikinta a bushe yake. Kafin nan kada ka yi mata lodi, kuma kada ka riƙa cusa giya da ƙarfi, domin kowace ƙara da kake ji haƙoran giya ne ke cin juna.